Yadda Mama Ta Rufa wa Ƙasa Asiri

A gidan hayar da muka zauna a Jimeta, dokar mai gidan guda ce: tsakar gida ta kwana a share, ta wuni a share. Tsohuwar Bafulatana ce 'yar asalin Yola, kowa Dada yake ce mata, har mu 'yan haya. Za ta yafe maka hayaniyar yara, za ta yafe maka rediyo da tsakar rana, amma ba za ta yafe maka ganyen dogonyaro ɗaya a ƙofar ɗakinka ba. Takan ce ciyawa ke kiran kunama, kunama kuma ta kira maciji. Ni abin ya yi mini daidai, don haka uwata ta rene ni a wajen garin Ganye, wai mace da tsintsiyarta ake saninta. Da sassafe kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, ni da Dada har tsere muke yi, sai ƙasar gidan ta fito fes kamar tafin hannu. Abin da muka share mu tara shi bayan ɗaki mu cinna masa wuta.

A shekarar gudu, da masu bindiga suka faɗa wa garuruwan arewacin jiharmu, damina na shirin ɗaukewa, gidan nan ya cika. Maigidana ɗan wani ƙauye ne a gindin duwatsun Michika, danginsa kuwa suka riƙa isowa kashi-kashi, ƙafa a kumbure, ido ya faɗa. Ba wanda ya roƙi Dada, ita ta buɗe zaure da ɗakin da take ajiye tarkace, ta ce a shiga, kada kuma ta ji wani ya yi mata zancen haya. Mahaifiyar maigidana ce ta iso daga ƙarshe, bayan mun fara fid da rai.

Ni da Mama ba mu taɓa faɗa ba, amma ba mu saba ba. Ba na jin yarensu, ba ta jin nawa, Hausa ce ta haɗa mu, Hausar Mama kuwa babu mace a cikinta sai wadda take magana da ita ido da ido. Rana namiji ce, ƙasa namiji, kaza namiji, ni kaina in za ta tambayi ɗanta labarina sai ta ce, Malama ya dawo? Malama take ce mini tun ranar da aka kawo ni, kamar yadda iyayen yara ke ce mini a makaranta. Girmamawa ce, na sani, amma takan yi mini ciwo, don ba haka ake kiran 'yar gida ba.

Ta zo da zani biyu, ɗaya a jiki, ɗaya a kafaɗa, shi ke nan dukiyarta. Na dafa mata ruwan wanka, na ce ta ba ni zannuwan in wanke. Ta ba ni na jikin, ta ƙanƙame na kafaɗar. Akwai ƙulli a bakinsa. Sai da ta ci abinci hankalinta ya ɗan dawo sannan ta kwance shi a gabanmu. Irin kuɓewa ne, bai cika tafin hannu ba, duk ya kumbura, wasu ƙwayoyin har sun fito da farin tsiro.

Maigidana ne ya fassara mini labarin. Ranar da aka fara harbi tana zaune tana ɓare busasshiyar kuɓewar da ta ware don iri. Abin da ke hannunta ta ƙulle ta ruga. A hanya sun ƙetare rafi ruwa har ƙirji, sama ma ba ta raga musu ba, iri ya sha ruwa ya farka. Irin da ya farka kuwa ba ya komawa barci, ko a shuka shi ko ya ruɓe. Na san kuɓewar nan, gajera ce mai kauri, da ɗan ja a jikinta, yauƙinta sai an yanke da gefen cokali. Duk shekara Mama takan aiko mana da dakakkiya. Abin da ban sani ba sai ranar, uwarta ce ta ƙulla mata irin a bakin zani ranar da za a kai ta ɗakin miji, ita ma uwar haka tata uwar ta yi mata. A gidansu ɗiya ake ba iri. Mama kuwa maza ta haifa, mace ɗaya da ta samu ba ta kai yaye ba. Sai a lokacin na gane dalilin da ba ta taɓa aiko mini da ko ƙwaya ɗaya da ba a daka ba. Waɗanda suka biyo baya sun ce an ƙone rumbunan ƙauyen ƙurmus. Iyakar saninta, abin da ke bakin zanin nan shi ne ya rage a duniya.

Dada ta ba ta wuri a bayan ɗakinmu, gindin katanga, inda inuwa ke sauka da la'asar. Mama ba ta yi kunya irin ta gona ba. Ƙananan ramuka ta yi masu faɗi kamar kwanon sha, don duk ruwan da aka zuba ya tsaya a gindin shuka, ta cakuɗa ƙasar da kashin awakin Dada. Ta nemi duwatsun da za ta kewaye su kamar yadda suke yi a gida, ta rasa. Ta yi ta mamakin garin da babu dutse, wai to da me mutanensa ke tare ƙasarsu. Ƙarshe da guntayen bulo ta yi. Wasu ƙwayoyin sun riga sun ruɓe, kaji suka tone wasu, akuya ta taimaka da nata rabon. Abin da ya tsaya da ƙafarsa bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Sai ruwan sama ya ɗauke.

A unguwarmu ba famfo. Mai ruwa ke turo kura da jarkoki, a shekarar kuwa mutane sun yi wa garin yawa, mai ruwa ya zama wanda ake gaisarwa da ladabi. Sai ka tare shi a bakin titi, ka tambayi iyalinsa, sannan ya duba ko zai juyo layinku. Randa a hannuna take, ni nake rabo, moɗa-moɗa, kuma ba zan ce ina yi da fara'a ba. Mai dafa wa mutum cike da gida ba ta cika dariya ba. Wata rana na ce wa maigidana, gida bai ƙoshi ba za a kai wa dawa? Mutane na layin wanka da rabin bokiti, a ce kuɓewa ma tana da baki? A ɗaki na faɗa, amma katangar gidan haya ba ta riƙe magana.

Mama ba ta taɓa roƙona ruwa ba, ko kafin maganar ko bayanta. Ruwan wankin shinkafa take tara, da na wankin ganye, da ɗaurayar ƙarshe in ba sabulu a ciki. Akwai wani tulu da ya tsage Dada ta jefar, ta ɗauko ta liƙe tsagar da yumɓu, ta binne shi har wuya a tsakiyar shukokin, ta rufe bakinsa da fasasshen faranti. A ciki take juye abin da ta tara. Tulun ƙasa yakan yi zufa, to zufar nan saiwa ke sha a hankali can ƙasa inda rana ba ta kaiwa. In an buɗe farantin sai a ga ruwan ya ragu kaɗan-kaɗan, ba kamar wanda aka watsa a sama ba, da kafin ka juya baya ya tafi.

Sannan ta shiga tsince-tsince. Kafin mu cinna wa shara wuta sai ta riga mu, ta zaɓe busasshen ganye. Ta je wurin mai suyar gyaɗa ta kwaso ɓawo, ta bi inda masu rake ke zama ta tattaro abin da aka tauna aka zubar, ta shanya, ta ƙunso a zaninta na kafaɗa. Tsohuwa mai furfura tana bin bola, ai ba a rasa masu magana ba. Unguwa ta ɗauka abin da ta gani a hanya ne ya taɓa ta. Matan zumuntar cocinmu suka zo takanas suka yi mata addu'a, suka dafa kanta. Ta amsa amin da kyau, da suka gama ta tambaye su ko a cikinsu akwai mai busasshiyar ciyawa a gida. Suka kalli juna, suka kalle ni, suka ce za su ci gaba da sa ta a addu'a.

Ni na san ba hauka ba ne. A wajenmu ma in an binne doya ana ɗora wa kowane tudu hular ciyawa don kada rana ta dafa ta. Mama shimfiɗawa take yi a kan ramukan, da kauri, ta bar ɗan fili a wuyan kowace shuka don kada ta ruɓe, ta zagaya da toka saboda gara. In ka cusa hannu ƙarƙashi da tsakar rana sai ka ji sanyi da danshi. Amma a gidan Dada sunan abin nan shara. Duk safiya sai ta tsaya da tsintsiya a hannu ta dube shi, ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai in ci gaba da aikina. Ga mai gida, ga uwar miji, na rasa wadda zan ba haƙuri.

Haka kuɓewar ta ratsa sanyi, tana tafiya kamar ba ta so. Dama mai jinkiri ce, in ji Mama, ba ta gaggawa don kowa. Sanyi na ɗagawa zafin Yola ya sauko, irin wanda ƙofar ƙarfe ke ƙona hannu, sai ga fure ya fara fitowa, ruwan ɗorawa mai haske da duhu a tsakiya. A makon nan ne kunama ta harbi ɗan wata baƙuwarmu. A cikin itacen girki ta harbe shi, nesa da shukar, kowa ya gani. Amma Dada ta riga ta yanke hukunci. Ranar Lahadi muna coci, ta share wurin tas, ta ƙone. A lokacin kuma mai ruwa ya kwana biyu bai leƙo layinmu ba, tulun da ke ƙasa ya kusa ƙafewa.

Muka dawo rana ta take. Ƙasar da ta yi watanni a lulluɓe ta fito fili, har ta fara fari tana tsattsagewa, ganyen ya langaɓe kamar kunnen akuya, furanni sun zube. Mama ta tsaya ta duba. Ta sauke zanin kafaɗarta, wanda ta ƙullo irin da shi, wanda take yafawa zuwa coci take kuma rufa da shi in za ta kwanta, ta shimfiɗa shi a ƙasa, ta bi tsakanin shukokin tana gyara shi a gindinsu, ta danne gefensa da bulo. Ta shiga ɗaki ta ɗauko moɗar ruwan shanta na ranar ta juye a tulu. Sannan ta zauna a wurin, cikin ranar nan, kanta ba ko ɗankwalin kirki.

Raina ya ɓaci har ban san wa zan fara da shi ba, Dada, ko Mama, ko mai ruwa, ko waɗanda suka koro tsohuwa daga gidanta ta zo tana tsugune a bayan ɗakin haya. Na lura leɓenta duk ya fashe, na gane ba ranar ta fara ba kuɓewa ruwan shanta ba. Na ce ta tashi don Allah, mutane na kallo. Ko motsi ba ta yi ba. Mata sun fara leƙowa ta katanga, ga abin da suke faɗa ya tabbata a ganinsu.

Dada ta fito da carbi a hannu, ta daɗe tana kallon zanin. Ta ce, "Mama, lafiya kuwa? Zani ai na mutum ne, ba na ƙasa ba."

Mama ta ɗago kai ta ce, "Dada, kin bar shi tsirara. Ƙasa in yana tsirara, rana zai shanye ruwan shi duka. Mu ma haka mun zo miki, tsirara, ke kin rufa mana asiri. Ni ma asiri nake rufa mishi."

Dada ba ta ba da haƙuri ba, ban ma taɓa jin ta ba wani ba. Ta ce to kunama fa? Mama ta nuna mata sawun tokar da tsintsiya ba ta gama kwashewa ba, ta ce kullum da safe tana ɗaga ciyawar da sanda ta duba. Dada ta juya ta shige ɗaki, na ce a raina yau za a ce mu nemi wani gidan. Da aka kira azahar sai ga ta da buta da 'yar kujerarta. Maimakon bakin magudana inda ta saba, ta zagayo bayan ɗakinmu, ta ɗaga gefen zanin, ta zauna ta yi alwalarta a bakin ramin kuɓewa. Ta gama ta mayar da zanin yadda yake, ta tafi ta yi salla. Daga ranar kowace alwala a nan take yin ta, ba ta taɓa faɗin dalili ba, ba wanda ya isa ya tambaye ta.

Kafin mako ya zagayo, keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida da dammunan busasshen karan shinkafa, daga gonar ɗan ƙanenta a Mbamoi. Dada ta kafa sabuwar doka: ciyawa ta tsaya cikin bulo, duk tsinken da ya ƙetare nata ne. Ta kuma daina cewa Mama, ta koma cewa Adda, wato yaya a Fulatanci. Ni kuma na ƙara moɗa ɗaya a rabon ruwa, na ce ta kuɓewa ce tunda ita ma ta zama 'yar gida, da sharaɗin Mama ta sha nata a gabana. Na wanke zanin, amma jar ƙasar ba ta taɓa fita daga jikinsa ba.

Ranar Lahadin nan ta yi ɓarna, wasu shukokin ba su farfaɗo ba. Biyu suka rage. Suka sake fure, suka ɗaura 'ya'ya. Gida cike da mutanen da suka yi watanni suna marmarin miyar garinsu, ga kuɓewa ɗanya shar a bayan ɗaki, Mama ta ce ba mai taɓawa. Ni kaina na haɗiyi yawu har na gaji. Na fari duka na iri ne, sai da suka tsufa a jikin kara, suka bushe, in an kaɗa su suna ƙara. Sai daga baya ta tsinko 'yan ƙanana na ƙarshe ta yi miya tukunya guda, kowa ya samu abin dangwala tuwo. Ta kai wa Dada nata da hannunta. Dada ta ci ta suɗe yatsa, ta ce useko, wato na gode, ta ce ashe sharar tana da daɗi.

Da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa, gab da faɗuwar damina, Mama ta ce ita ma gida za ta. Ɗanta ya yi ta lallashi, ta ce gonarta ba ta san Jimeta ba. Ranar tafiya da safe ina wanke-wanke, tana zaune a tabarma tana ɓare kuɓewar a faifai. Na ji ta ce, "Ɗiyana, zo." Sai da na waiga in ga da wa take, ba kowa a bayana. Na zo na durƙusa hannuna da kumfa. Ta raba irin biyu, ta kama bakin zanina ta ƙulle rabi a ciki, ta ja ƙullin da haƙori. Ta ce, "Kar ki bar shi tsirara." Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kawo ni gidan miji, ita kuwa tana ta faɗa wai in tashi kumfa na ɗiga a kan iri.

Yanzu muna Damare, a ɗan gidan da muka gina. Gaban gidan a share yake fes, Dada, Allah ya jiƙanta, ba za ta samu abin cewa ba. Bayan gidan kuwa shara ce iya ganinka, ƙarƙashinta kuɓewa da alayyafo da tumatir, da tuluna a binne har wuya, ina cin ɗanyen ganye a tsakiyar rani. Mama ta yi shekaru a ƙauye bayan komawarta, ta raba iri ga matan da nasu ya ƙone. In muka yi waya, kafin ta tambayi jikokinta sai ta tambaya ko na rufa wa ƙasa asiri. Bara tsutsa ta cinye nata kaf, ƙarfinta ma ya ragu, ta aiko a ce wa ɗiyarta ta kawo mata iri. Na ware mata mafi kyau, na ƙulle a bakin zanina na zumuntar coci, na ce da bikin Ista zan kai da kaina. Saƙon rasuwarta ya riga Ista zuwa.

A bayan gidanta aka binne ta, a gindin dutse, da zafin bazara. Aka yi addu'a, maza suka tara ƙasa suka daddaɓe ta da shebur, mutane suka fara komawa inuwa. Ni na kasa tafiya. Ƙasar da aka tono daga ciki ja ce mai danshi, ina tsaye ina kallo rana ta fara cinta, tana yin fari daga sama. Na duba jikin danga na ga ciyawar da ta tara don lambunta na bana, na rungumo na shimfiɗa, ba ta kai ko rabi ba. Sai na sauke zanin kafaɗata. Na kwance ƙullin da ke bakinsa, na damƙa wa 'yata irin na ce ta riƙe da kyau, na shimfiɗa zanin a kan sauran.

Na ji wata a bayana tana raɗa wa 'yar'uwarta ko baƙin ciki ne ya taɓa matar nan. Maigidana ya ce musu a hankali, "Ku ƙyale ta, uwarta ce."

Iska ta fara ɗaga gefen zanin, na sunkuya na nemi abin da zan danne shi. A can kam ba a rasa dutse ba.